Ra'ayinmu: Takardar Gayya da Kalangun Makarantun Rara



Tun da aka dawo daga hutun da ya wuce akwai wata magana da ta ke ta yawo a ɗakunan kwana da gindin itatuwa, musamman tsakanin 'yan'uwanmu da suka fito daga gabashin Sakkwato, watau ƙasashen Raba da Wurno da Goronyo. Maganar kuwa ita ce, suna so idan an ba da dogon hutu su koma gida su taimaka wa malaman firamare da na ƙananan sakandare na Rara da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a farfaɗo da darasin waƙa da wasannin gargajiya, wanda a wurare da dama sunansa kawai ya rage a jikin jadawali. Wannan ba shi ne ya jawo gardama ba. Abin da ya jawo ta shi ne shawarar da suka kawo, cewa duk lissafin aikin, da jerin kayan kiɗa, da jin ra'ayin iyaye, a yi su ta intanet. Wasu sun ce wannan shi ne ci gaba. Wasu kuma sun yi dariya, sun ce mutumin da bai sami alli ba ina ruwansa da Google? An nemi mujallar nan ta faɗi nata, to, ga shi za mu faɗa. Muna goyon bayan shawarar, amma da sharuɗɗa, kuma akwai wuri ɗaya da ba za mu yarda ba ko da kuwa kowa ya yarda.

Bari mu fara da bayyana abin da a ke magana a kansa, domin ba kowane mai karatu ne ya taɓa aiki da shi ba. Tun shekarar 2006 kamfanin Google ya fito da wata irin takarda da ba ta zama cikin kwamfutar mutum ɗaya, sai dai ta zauna a ma'ajiyar kamfanin, duk wanda aka ba izini ya buɗe ta daga inda ya ke ya yi rubutu. Mutum goma suna iya taruwa a kan shafi ɗaya a lokaci ɗaya, wani yana Sakkwato, wani yana Wurno, kowa yana ganin hannun ɗan'uwansa yana tafiya. In wani ya goge abu, takardar tana riƙe da tarihin kanta, a koma baya a ga wanda ya goge da ranar da ya goge, a maido. Mai takardar kuma shi ke raba izini hawa uku: wannan ya karanta kawai, wannan ya yi sharhi a gefe, wannan ya gyara. Bayan shekara biyu, a 2008, aka ƙara da fom na tambayoyi, wanda a ke aika wa mutane su cika a waya, amsoshinsu su jeru da kansu cikin layi-layi ba tare da wani ya zauna yana kwafa ba. Turawa suna da sunayen da su ke kiran waɗannan abubuwa. Mu a nan mun ga ya fi dacewa mu kira ta farkon takardar gayya, gama ba ta da bambanci da gonar da samarin gari suka taru a kanta, kowa da kuyyarsa, kafin azahar an kai gefe.

To, mene ne haɗin takardar gayya da kalangu? Ni mai wannan rubutu zan ba da amsa da abin da na gani da idona, don a ƙasar nan na yi firamare. A makarantarmu, wadda ba sai na ambaci sunanta ba, muna da wani malami mai son waƙa. Yana da wani littafin rubutu mai baƙin bango, a ciki ya tara waƙoƙin gaɗa da ya ji daga bakin 'yan mata, da na tashe, da na noma, da waɗanda shi kansa ya tsara mana don mu riƙe sunayen watanni da lissafin sau. A bayan littafin ya rubuta abin da makaranta ta mallaka: kalangu biyu, ganga ɗaya, da ƙore na kiɗan ƙwarya. Ya rubuta sunan dattijon da ke yi mana ɗauri in fata ta fashe, da abin da a ke ba shi. Ran nan aka yi wa malamin canjin wurin aiki. Ya bar littafin cikin kabad don wanda zai gaje shi, wanda ya gaje shi kuwa bai zo ba sai bayan damina. Da aka buɗe kabad, gara ta riga kowa karatu. Kalangu ɗaya wani ya ara ranar suna bai maido ba, kuma ba wanda ya san ko wane ne, tun da takardar da za ta faɗa ta zama ƙasa. Daga wannan shekara ba mu sake yin waƙa a filin makaranta ba har muka fita. Ba wanda ya hana, ba wanda ya yi doka. Abin ya mutu ne kawai domin duk saninsa yana cikin littafi ɗaya, littafin kuma yana cikin kabad ɗaya.

Wanda duk ya yi karatu a ƙauye ya san irin wannan labari, in ba gara ba to ruwa. Manyanmu a wannan jami'a suna ba da labarin ambaliyar watan Satumba na 2010, sa'ad da Gulbin Rima ya cika ya batse, ya ci ƙauyuka tun daga Goronyo, har ya yanke hanyar da ta haɗa mazaunin jami'a da cikin gari. Ruwan da ya ci gada ba zai ji kunyar rajistar hedimasta ba.

Abin takaicin kuwa shi ne, ƙasar da mu ke magana a kanta ba matalauciya ba ce wajen waƙa. A ƙasar Gandi, nan cikin Ƙaramar Hukumar Raba, aka haifi Muhammadu Bawa Ɗan'anace, wanda kalangunsa ya sa sunan Shago ɗan dambe ya zaga ƙasar Hausa duka. In ka ƙara gabas kaɗan ka shiga ƙasar Isa, inda Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir Amadu kiɗan kotso, waƙoƙin da har yau a ke rubuta kundayen digiri a kansu. A Sakkwato Salihu Jankiɗi ya riƙe taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya waƙe Sardauna Ahmadu Bello, shi kuwa Sardauna a garin Raba aka haife shi. Masana ba su yi barci a kan wannan dukiya ba. David Ames da Anthony King sun buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa tun 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu. Amma duk wannan a ɗakunan karatu na jami'o'i ya ke. Yaron da ke aji huɗu a Rara, wanda watakila kakansa ya yi amshi a bayan wani babban makaɗi, ba ya samun ko ƙyallinsa a makaranta. Tun 2008 manhajar ilmin bai-ɗaya ta shekara tara ta haɗe kiɗa da zane da wasan kwaikwayo cikin darasi guda na al'adu da fasaha. A takarda abin ya yi kyau. A aji kuwa sau da yawa malami ɗaya ne, wanda ba a horar da shi a ko ɗaya daga cikin ukun ba, ya kan rubuta ma'anar kiɗa a allo da Turanci yara su kwafa, a tashi.

Masu cewa tsara irin wannan aiki baƙon abu ne da aka aro daga Turai, muna roƙonsu su waiwayi Wurno. A nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa ya ke. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, kuma ba da komai ta koyar da matan karkara ba sai da waƙa. Ta kan tsara waƙar da Hausa ko da Fulatanci, ta zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani don kowa ya shaida ta. Jaji ta kan jagoranci 'yan mata da tsofaffi su zo su karɓi karatu, su hardace, su koma su koya wa waɗanda aure ya tsare a gida. Dubi abin da ke cikin wannan tsari: an san wa ke da alhakin wane ƙauye, an san abin da a ke koyarwa, an san hanyar da saƙo ke bi ya je ya dawo. Ba ta dogara ga ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba, shi ya sa aikin ya rayu bayan ranta. Abin da 'yan'uwanmu su ke nema su yi da waya, in an tace shi, jikan wannan ne, sai dai nasu bai kai nata tsari ba tukuna.

Saboda haka muna ganin akwai abubuwan da takardar gayya za ta yi wa makarantun nan amfani ƙwarai. Na farko kaya. A buɗe shafi ɗaya, kowace makaranta ta rubuta abin da ta ke da shi da halin da ya ke ciki: wannan kalangu tsarkiyarsa ta tsinke, wannan ganga fatarta ta huje, wannan sarewa lafiya lau. Wanda ya ara a rubuta ranar da ya ara. Da wannan kaɗai makarantar da ke da ganga biyu ba ta da mai koyarwa za ta san maƙwabciyarta mai malami ba ganga, su yi musaya. Sai kuɗi, wanda shi ne ya kan kashe kowace ƙungiya a ƙasar nan. In ƙungiyar iyaye da malamai ta ba da wani abu, ko wani mai hali ya yi kyauta, a rubuta a inda mutum ashirin za su gani, a rubuta abin da aka saya da shi. Ma'ajin da ya san ana ganin lissafinsa kullum ya fi samun barci, kuma ya tsira daga zargin da bai ji ba bai gani ba.

Amma inda abin ya fi daɗi shi ne waƙoƙin kansu. Waƙar gaɗa ɗaya, yadda a ke yin ta a Rara dabam, a Gandi an sauya ɗango, a Achida an ƙara amshi. A littafin malami guda sai ya zaɓi ɗaya ya ce ita ce daidai. A takardar gayya kuwa ana iya jera su duka gefe da gefe, kowace da sunan garinta, har a liƙa mata muryar da aka ɗauka. A nan muna da gargaɗi ga 'yan'uwanmu masu nazarin Hausa: kada su ɗauki jan biro su bi waƙar mutane suna mai da ita Kananci da sunan daidaitacciyar Hausa. In tsohuwa ta rera da Sakkwatanci, a rubuta da Sakkwatanci, gama karin waƙar a kan wannan lafazi aka gina shi, in ka taɓa harafi ɗaya sai ƙafar waƙar ta gurɗe. Kuma a daure a sa haruffa masu lanƙwasa. Allon rubutu na wayoyin zamani yana da su, lalaci ne kawai ke sa a bar su, har a kasa bambanta kafa da ƙafa.

Yanzu sai fom na jin ra'ayi, kuma a nan ne mu ke fara rabuwa da masu zumuɗi. Sun ce za su tura fom ta WhatsApp, iyaye su faɗi ko suna so a koya wa 'ya'yansu kiɗa. Muna tambaya, su wane ne za su cika? Mai babbar waya, mai kuɗin data, mai karatun boko, wanda ya sami wurin caji a ranar. Watau malamai, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, da 'yan kasuwa kaɗan, da mu ɗalibai. Manomin da ke fadama yana ban ruwan albasa ba zai gani ba. Malamin zaure da ke rubutu da ajami ba zai gani ba. Uwar da ke cikin gida, wadda ita ce za ta ce wa 'yarta je ki ko kada ki je, ba za ta gani ba. Tsohuwar da ta san waƙar daka da ta niƙa da ta reno fiye da kowa a garin, ko labarin fom ɗin ba za ta ji ba. Sa'an nan kwamfuta ta zana mana kyakkyawan da'ira mai launi ta ce kashi kaza sun yarda, mu ɗauka mu kai wa hukuma mu ce ga ra'ayin mutanen Rara. Wannan ba ra'ayin mutanen Rara ba ne, ra'ayin masu waya ne, kuma kyan zanen shi ne zai sa ƙaryar ta yi nauyi.

Daɗin daɗawa, kalmar da aka yi tambaya da ita tana iya juya amsa gaba ɗaya. Ka tambayi dattijo, kana so ɗanka ya koyi kiɗa? Abin da zai ji a kunnensa shi ne, kana so ɗanka ya zama maroƙi? Domin a al'adarmu kiɗa sana'a ce ta gado, tana tafe da roƙo, kuma mutumin da zai yi wa makaɗi kyautar riga ba lalle ne ya ba shi 'yarsa ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma ɓoye ta ba zai taimaki kowa ba. Shi wannan dattijo kuwa in ka tambaye shi, kana so jikarka ta iya waƙoƙin da kakarta ta yi a dandali, ko waƙoƙin wa'azi irin na mutanen Shehu, sai ka ga fuskarsa ta sake. Haka kuma akwai masu ƙin abin don addini, kuma bai kamata a mai da su jahilai ba. Maganar halaccin kayan kiɗa tsohuwar magana ce a wannan ƙasa. Shugabannin jihadi da kansu sun yi rubuce-rubuce a kanta, har wani Bajamushe, Veit Erlmann, ya tattara su cikin littafi a 1986. Mas'alar da manyan malamai suka yi ta tattaunawa ba za a yanke ta da akwatin “e” ko “a'a” a fuskar waya ba. Sai an je zaure an tuɓe takalmi an zauna. In gari ya ce ya yarda da waƙa da tafi amma ban da ganga, to, a yi waƙa da tafi. Darasin bai mutu ba don ganga ta yi shiru.

Abin da mu ke ba da shawara shi ne a juya tsarin. Waya ta zauna a hannun mai tambaya, ba a hannun mai amsa ba. Ɗalibai maza su bi zaure-zaure, ɗalibai mata su shiga cikin gidaje, su yi tambaya da baki, su saurara, su rubuta. Akwai manhajojin da aka yi musamman don irin wannan aiki, kamar KoboToolbox da ODK, waɗanda ma'aikatan agaji da na lafiya ke amfani da su a ƙasashe da dama. Ana cika fom a cikinsu ba tare da sabis ba, har da ɗaukar murya, in an iso inda sabis ya ke sai a tura. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, Raba da Goronyo suna ciki. Wanda ya zuba duk saninsa a intanet a wannan lokaci, da shi da mai littafin da gara ta ci ba su da bambanci. Don haka kowane ƙarshen zango a buga abin da ke cikin takardar gayya a kan takarda ta gaske, a ba kowane hedimasta nasa, a ajiye ɗaya a wurin uban ƙasa. Intanet ta tsare mu daga gara, takarda ta tsare mu daga ranar da sabis ya ɗauke.

Mun iso wurin da muka ce ba za mu yarda ba. Cikin daftarin da aka nuna mana akwai shafin da aka tanada don sunayen yara masu shiga ƙungiyar waƙa, da shekarunsu, da unguwarsu, da lambar wayar iyayensu, da ranaku da wurin da za a riƙa yin gwaji. An ce wai don a sauƙaƙa kiran suna. Haba 'yan'uwa! A wace ƙasa mu ke zaune? A watan Yuli na 2018 aka kai hari Tabanni ta ƙasar Gandi aka kashe mutane fiye da talatin. A watan Oktoba na 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo. A watan Fabrairu na wannan shekarar ta 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Zamfara, a watan Maris na 2024 kuma aka sace almajirai a Gidan Bakuso ta Ƙaramar Hukumar Gada. Kowa ya sani waɗannan mutane ba sa shiga gari sai da ɗan rahoto. To, mu da hannunmu za mu rubuta cewa ran Laraba da la'asar 'yan mata talatin za su taru a wuri kaza, ga sunayen iyayensu, ga wanda ke da waya mai tsada? Takardar gayya ana buɗe ta ne da ɗan adireshi guda, in an saita ta yadda duk mai adireshin zai shiga. Mutum ɗaya ya tura shi cikin zauren WhatsApp bisa kuskure, shi ke nan, ba ya dawowa. Ko ba wannan, wayar ɗalibi tana faɗuwa a mota, ana ƙwace ta a hanya.

Doka ma ba ta bar mu haka ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ce ba a tattara bayanan yaro sai da yardar mahaifi ko mai riƙonsa. Amma ko da kowane uba a Rara ya dangwala hannu, mu dai ra'ayinmu bai sauya ba. Sunan yaro ya tsaya a rajistar aji, cikin aljihun tebur na malaminsa. Abin da zai hau intanet adadi ne kawai: makaranta kaza tana da yara kaza. Ranar gwaji da wurinsa a faɗa da baki. Hoton yara da bidiyonsu kuma kada a ɗora su ko'ina don neman yabo, ko da kuwa wata ƙungiya ta ce sai ta gani za ta ba da taimako. Taimakon da sai an nuna fuskar 'yar mutane za a samu, a bar wa mai shi abinsa.

Akwai kuma maganar mabuɗi, wadda ta shafe mu kai tsaye. Kowace takardar gayya tana da mai ita, watau wanda aka buɗe ta da asusunsa. Mu ɗalibai baƙi ne, shekara huɗu ko biyar mun yi gaba, shugabannin ƙungiya kuwa kowace shekara sababbi ne. In sakataren bana ya buɗe takardar da sunansa, baɗi ya tafi bautar ƙasa Kalaba, ya sauya layi, ya manta kalmar sirri, to, mun sake gina kabad ɗin nan na makarantarmu, sai dai wannan karon a Amurka ya ke. A buɗe asusu na aikin kansa, kalmar sirri ta kasance a hannun mutum uku, biyu daga cikinsu malaman da ke zaune a ƙasar, a kuma rubuta yadda za a miƙa ta cikin takardar miƙa mulki kamar yadda a ke miƙa hatimi da littafin banki. Izinin gyara a taƙaita shi ga mutane kaɗan da aka sani da suna. Sauran su karanta, su yi sharhi a gefe.

Wani abu da ba mu ji kowa ya ambata ba a duk gardamar nan shi ne haƙƙin masu waƙar. Dattijon da zai zauna ya rera mana abin da ya gada daga ubansa, mu ɗauka a waya mu tafi, me ya samu? Mun sha ganin waƙoƙin manyan makaɗanmu suna yawo a intanet, wasu suna cin kuɗin talla da su, iyalansu ko goro. Kada mu zama irinsu da sunan ilmi. A gaya wa kowane mai rerawa inda muryarsa za ta je da wanda zai ji ta, in ya ce a'a a kashe waya. In ya yarda a rubuta sunansa da garinsa a jikin waƙar, matuƙar yana so a rubuta. In an gayyato makaɗi ya koya wa yara riƙon kalangu, a biya shi kamar yadda a ke biyan kowane malami, a kuma ba shi kujera a ofishin malamai, kada a bar shi tsugune a bakin ƙofa. Yaran suna kallo, kuma daga inda aka zaunar da shi za su gane ko abin da ya ke koya musu ilmi ne ko roƙo.

Ga masu dariya kuma, waɗanda suka ce a fara samo alli da benci tukuna, muna cewa gaskiyarku, makarantun nan suna bukatar alli da benci da rufin kwano, wasunsu ma suna bukatar a sami kwanciyar hankalin da za a buɗe su. Amma ba mu da kuɗin rufin kwano. Abin da mu ke da shi shi ne waya a aljihu, da hutun wata biyu, da iya rubutu. Tsofaffin da suka san waƙoƙin nan kuwa ba za su jira a gama gyaran azuzuwa ba. Wadda ta koya mini waƙar reno ta farko da na sani ta rasu ina aji biyu a nan jami'a, ina ta cewa in na je hutu zan ɗauki muryarta.

Saboda haka muna kira ga waɗanda suka kawo shawarar su sake zama kafin a fara jarrabawa. Su cire shafin sunayen yara daga daftarin. Su nemi malamai a Sashen Harsunan Nijeriya su duba musu tambayoyin, a gwada su a kan mutum goma na gida kafin a fita da su. Su rubuta wa sakataren ilmi na ƙaramar hukuma da uban ƙasa, domin ba a shiga makarantar mutane ta taga. Su fara da makarantu uku ko huɗu da ke kan hanyar da a ke iya bi lafiya, kada su ce sai sun game ƙasar duka a hutu ɗaya, kuma duk ƙauyen da mutanensa suka ce kada a zo yanzu, kada a je. 'Yan'uwanmu mata na Raba da Wurno da Goronyo, ku ne rabin aikin nan yana hannunku, don ƙofar da za ta buɗe muku ba za ta buɗe wa namiji ba, sai ku zo zaman a ji bakinku tun daga farko. Wanda kuma ya san yana da tsohon littafin waƙoƙin makaranta a gida, nasa ko na mahaifinsa, ko da rabinsa ya yage, ya kawo ofishin mujalla mu ɗauki hotonsa shafi-shafi, mu mayar masa da abinsa a ranar.

Edita